Gudajin Tsohon Haske

Beli, ta gidan wayar Karaye
12 ga Nuwamba, 1989

Zuwa ga taubashina Halliru,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa, irin ta wanda aka daɗe ba a gani ba. Ya karatu, ya baƙunta, ya sanyin Ingila? Mu nan lafiya ƙalau, an cire gyaɗa, dawa ta nuna saura yanka.

Na san za ka juya takardar nan gaba da baya kana cewa rubutun wa ke nan. Sauda ce, 'yar Malam Ɗanmaliki na Turawa, wadda kake tsokana da mai kan tulu in kun zo yawon salla. Babana da mahaifiyarka 'ya'yan wa da ƙani ne, saboda haka ita goggona ce, kai kuma abokin wasana, ko ka haɗiye littattafan Ingila kaf ba ka fi ƙarfin bakina ba. An yi min aure bara. Maigidana Sulle malamin gona ne, aka turo shi Beli, ni ma aka ba ni aji uku a firamare. Malam Ɗantala hedimasta da ke karanta wa Goggo Tasalla wasiƙunka an mayar da shi Rogo Ruma, shi ne aikin ya faɗo kaina.

Wai ka san yadda ake karanta wasiƙarka kuwa? In na shiga na ce, "Goggo, an aiko da takarda daga can," sai ta ce, "To, a kira Maijidda ta ji." Sai in leƙa ta katanga in kira maƙwabciyarta Maijidda, ta zo ta baje a tabarma kamar ita ta haife ka. Goggo kuwa ta juya mana baya tana ɓarar gyaɗa. In na gama, Maijidda ce mai cewa madalla, ita ce kuma mai ba ni amsa.

Dalilin wannan takarda tambaya ce. Shekara uku da rabi ke nan da tafiyarka, kowace wasiƙa kuma ƙarshenta ɗaya: "har yanzu ba mu gani ba." Mene ne ba ku gani ba? Malam Ɗantala ya gaya wa mutane wai taurari kake ƙirgawa, har Ƙasimu direba yana cewa Allah ya sawwaƙe, wannan aiki ai sai tashin ƙiyama. Ni dai ba zan riƙa karanta abin da ban gane ba. Ka yi min bayani da Hausar gida, in ba ka manta ta ba. Kuma ka faɗa min yaushe za ka zo, ko na mako biyu ne. Goggo ba yarinya ba ce, bayan kai kuma ba ta da kowa sai ƙannenka biyu da ke aure a nesa.

Taubashiyarka,
Sauda

Ingila
20 ga Janairu, 1990

Malama Sauda,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarki, na yi dariyar da na daɗe ban yi ba. Allah ya sa albarka a auren, ki gaida Malam Sulle, ki ce ina taya shi haƙuri. Ni lafiya, in ban da gajiya.

Ba taurari nake ƙirgawa ba. Akwai wani haske, tsoho ƙwarai, ya girmi rana da wata da taurari. Ya taso ne tun farkon halitta, lokacin da komai yake cure wuri guda da zafi, har yau kuma yana iso mu ta kowace kusurwa. Ido ba ya ganinsa, don ya huce ya yi sanyi, sai da na'ura mai babban faranti, irin ta kama tashar rediyo. Duk inda kika juya farantin, ɗumin hasken ɗaya ne, sumul kamar kunun da aka tace. Amma ai sama ba sumul take ba, ga taurari sun taru nan, ga fili can ba komai. Ke nan dole tun a wancan kunun akwai gudaji, komai ƙanƙantarsu, waɗanda daga baya suka jawo na kusa da su suka girma. Su muke nema: wurin da ya ɗara na gefensa ɗumi da kashi ɗaya cikin dubu ɗari. Mu ƙananan muke bi, waɗanda faɗinsu a sama bai wuce na wata ba.

Na'urarmu tana kan wani dutse mai tsawo a wani tsibiri yamma da Maroko, don can iska a bushe take, tururin ruwa kuwa shi ne babban mai ɓata mana aiki. Rabin shekara ina can, rabi ina nan ina lissafi. Ƙarshen kowace shekara mu rubuta takarda mu ce mun duba har zuwa kaza, ba mu gani ba. A buga ta, a yi mana barka. Wallahi barkar nan ta fi zagi ciwo.

Zancen zuwa kuwa, ke ba ki je tasha ba ranar da na tafi. A Karaye, ina cikin mota, Inna ba ta dube ni ba. Direba ta duba, ta ce, "A gaya wa mai tafiya kada ya dawo mana hannu rabbana. Sai ya samo abin da ya je nema." Mutum ya fi goma suka ji. Ni kuma da rawar kai, a wasiƙata ta farko na rubuta cewa ba zan taka Beli ba sai na gano abin nan, aka karanta mata. Na zaci shekara biyu ce.

Abu ɗaya nake so ki faɗa min tsakani da Allah. In an gama karatun, tana tambayata?

Naki,
Halliru

Beli
8 ga Afrilu, 1990

Malam Mai Gudaji,

Salamu alaikum. Muna lafiya, zafi dai ya sa mu a gaba, rijiyar makaranta ta ƙafe. A gaggauce nake rubutu, masu duba makarantu za su zo gobe, ban gama shirin darasi ba.

Na karanta bayaninka sau biyu a gida, sannan na karanta wa Maijidda. Ta riƙe haɓa ta ce, "Yo mutum ya bar garinsu shekara huɗu don neman gudaji? Ya zo ya sha kunun amaryar Ƙasimu mana, sai ya ture!" Yanzu duk Beli an san sana'arka, an daina zancen ƙirga taurari.

Ka ce in faɗa maka tsakani da Allah, to ni ba na ƙarya a takarda: ba ta tambaya. Ko sau ɗaya. Lafiyarta lau, ƙafar hagu ce ta ɗan kumbura, amma tana zuwa ɗiban ruwa da kanta. Maijidda ta ce a gaishe ka, ka riƙa rufe ƙirjinka.

Sauda

Kan dutse
17 ga Fabrairu, 1991

Malama Sauda,

Salamu alaikum. Ki yafe min shirun wata goma. Ina fata ke da Malam Sulle da Inna da Maijidda kowa lafiya. Ni ina nan, leɓena duk sun tsage, abinci kuma kullum na gwangwani.

Na yi shiru ne don na so wasiƙar da za ta zo muku ta zama ta albishir. Saura kaɗan ta zama. A watan Oktoba muka ga wani ɗan tudu a lissafinmu, kullum a wuri ɗaya, daidai girman da muke zato. Mako uku ba wanda ya ci abinci a zaune. Shugabanmu, dattijon da bai taɓa rungumar kowa ba, ya rungume ni. Har na rubuta miki takarda na sa ranar da zan sauka Kano.

Sai zuciyata ta ƙi kwanciya. Na lura tudun ya fi fitowa in rana ta take. Na bi, na bi, ashe wata katangar dutse ce a bayan na'urar, rana ta gasa ta, ɗuminta yana satar hanya ya shiga ta gefen farantin. Muka lulluɓe katangar, tudun ya ɓace. Ni na gano, ni na kashe mana murna da hannuna, aka kuma yaba min. Takardar da na rubuta miki na yaga ta.

Digirin na gama, an ba ni. Takarda ce kawai, ni na san ba ita nake nema ba. Sun ce in ƙara shekara biyu a kan sabuwar na'ura. Na yi kwanaki ina juya maganar, sai na ɗauko wasiƙarki na sake dubawa. Tunda Inna lafiyarta lau, kuma ko sau ɗaya ba ta tambaya ba, na ga babu wanda zan tauye. Na sa hannu.

Na gaji, Sauda. Wani lokaci sai in tsaya ina kallon allurar na'ura tana rawa, in rasa me ya kawo ni.

Halliru

Beli
2 ga Yuni, 1991

Halliru,

Salamu alaikum, don dai sallama wajibi ce. Lafiya muke, an yi shuka.

Amma kai wane irin mutum ne? Na ce ba ta tambaya, sai ka ɗauki layi ɗaya ka gina shekara biyu a kai? Kai fa ɗan fari ne! A ina ka taɓa ganin Bafillatana irin Goggo ta buɗe baki ta tambayi ɗan farinta? Sunanka ma tun da aka raɗa maka bai taɓa fita daga bakinta ba, "mai tafiya" take cewa, ko "na can". Ban yi maka dogon bayani ba don na zaci ko Ingila ba ta isa ta goge maka wannan ba. Laifina ne da na rubuta a gaggauce, amma wautar taka ce.

To bari in gaya maka abin da nake gani, tunda kai sai abin da na'ura ta nuna. In na fara karanta wasiƙarka, hannunta yakan tsaya cak a kan gyaɗa, ƙwaya ɗaya ba ta faɗawa ƙwarya har in kai sunanka a ƙasa. Duk Laraba, ranar da motar Ƙasimu ke kawo wasiƙu daga Karaye, sai ta samo abin da za ta shanya a ƙofar gida, ko da busasshe ne. Wata goman da ka yi shiru, kuka ɗaya ta shanya ta kwashe har ta zama gari. Ƙaninta ya so ya zuba awaki a ɗakinka na baya, ta kore shi da muciya. Kana can kana neman bambancin ɗaya cikin dubu ɗari, na tsohuwarka da ya kai girman rumbu ya gagare ka.

Ƙafar kuma ba yadda na faɗa maka bara take ba. Ta fashe a idon sawu, ta ƙi warkewa. Ruwa yanzu Maijidda ke ɗebo mata. Sulle ya ce zai kai ta asibitin Rogo a babur, ta ce sai an dawo. Na ce wa zai dawo, Goggo? Ta ce in miƙo mata faifai.

Ban karanta mata zancen shekara biyun ba, na tsallake. Karo na farko ke nan da na yi haka, kuma kai ka sa ni.

Sauda

Ingila
29 ga Oktoba, 1991

Sauda,

Salamu alaikum. Takardarki ta jira ni a nan wata huɗu ina kan dutse. Na karanta ta a tsaye, na zauna na sake.

Ban manta kunyar ɗan fari ba. Na dai daɗe cikin mutanen da in suna son abu sai su faɗa, har kunnena ya lalace. Kin yi gaskiya, na kuma ji kunya.

Amma duba nan. Maganar tasha ita ta yi, a gaban jama'a. In na sauko daga motar Ƙasimu ba komai a hannuna, na sa ta haɗiye maganarta a gaban Beli duka, ita da ba ta taɓa yin magana biyu ba. Ita ta ɗaura, ita kaɗai za ta kwance. Ke kuma kin ce ba za ta iya ko ambatona ba. Kin ga inda muka tsaya.

Sabuwar na'ura ta fi tsohuwar ji sau uku. In Allah ya so baɗi war haka an gama. Don girman Allah ku kai ta asibiti ko tana so ko ba ta so.

Halliru

Beli
26 ga Afrilu, 1992

Halliru, barka! Barka da arziki!

Ko gaisuwa na kasa tsayawa in yi, lafiya muke. Shekaranjiya Juma'a da safe Ƙasimu yana wanke mota rediyonsa a kunne, sai ya ji ana cewa masana sun gano tabo-tabo a tsohon hasken da ya rage tun farkon halitta, wai iri ne da taurari suka tsiro daga gare shi. Ya yar da bokiti, ya shigo gari da kumfa a hannu yana ihu, "An gano gudajin Halliru!" Kafin hantsi labari ya kai Rogo Ruma. Bayan an idar da Juma'a liman ya sa aka yi maka addu'a, da sunanka da na mahaifinka.

Ni ina aji Maijidda ta zo ta tsaya a taga, ta ce Goggo ta ce a tambayi malama ko gaskiya ne. Na jira labaran rana na ji da kunnena. Sun ce Amurkawa ne, da tauraron ɗan'adam, ba su ambaci dutse ba, ba su ambace ka ba. Na ɗan yi kokwanto. Amma tsohon haske ai guda ne, gudaji kuma gudaji ne, na ce ƙila ku duka aikin taro kuke yi, manya ake faɗa. Na je na ce mata gaskiya ne.

Sai Goggo ta sa aka fito da ita tsakar gida a kan kujera 'yar tsugune, ƙafar a miƙe, ta sa aka kira magina. Yau kwana biyu ana yaɓen ɗakinka, ita ke nuna inda bai yi ba da sanda. An sayo sabuwar tabarma. Ta aika wa ƙannenka su shirya. Ta ce da Maijidda, "Ranar da aka dawo, washegari sai a je asibitin nan da ake damuna da shi." Jiya ina wucewa na ji tana waƙa ƙasa-ƙasa da Fillanci, ban taɓa sanin tana da murya ba.

Ka aiko da ranar saukarka. Ƙasimu ya rantse shi zai ɗauko ka daga Kano.

Taubashiyarka mai murna,
Sauda

Ingila
3 ga Mayu, 1992

Sauda,

Salamu alaikum, da fatan kowa lafiya, ya ƙafar Inna? Ina sauri ne ko takardar nan za ta riga rediyo isowa, ko da yake na san da wuya.

In kun ji an gano gudaji, ba mu ba ne. Wasu ne a Amurka, da na'urar da suka harba sama can inda babu tururin ruwa, babu katanga. Kuma ba irin namu suka gani ba. Nasu manya ne, kowane ya fi faɗin wata goma sha huɗu a jere. Ƙananan da muke bi har yau ba wanda ya gan su. Ki yi wa Inna bayani a hankali kafin wani ya kai mata a karkace.

Ranar da labarin ya zo, muna ɗakin shan shayi, kowa ya tashi yana tafi. Ni ma na tafa. Sannan na fita na zauna a kan matakala. Daɗi na ji, wallahi, don ashe ba mahaukata ba ne mu, abin yana nan. Amma kuma ji na yi kamar na shekara shida ina haƙa rijiya, maƙwabci ya zo ya ce ruwa ya fito a gidansa.

Yanzu kowa ya taso, ƙungiya ta fi biyar ana tsere a kan ƙananan. Shugabanmu ya soke hutun kowa. Watan gobe zan hau dutse, sai Disamba. Tunda mun san suna nan, saura ƙiris ne. Na san na sha faɗar haka.

Halliru

Beli
28 ga Yuni, 1992

Halliru,

Salamu alaikum. Jiki da sauƙi, damina ta zauna. Wasiƙunmu sun saɓa a hanya, taka ta iso bayan an gama yaɓe, an yi daɓe, ƙannenka sun zo sun yi mako biyu sun koma.

Kwana huɗu takardarka tana cikin littafin kiran sunan 'yan ajina. Na shirya ƙarya kala biyu. Ko in ce jirgi ne babu, ko in ce sai an yi bikin ba ku lambar yabo. Sulle ya ce, "Ke kika ce mata gaskiya ne, ke za ki je ki ce ba haka ba ne." Na ji haushinsa don ya fi ni gaskiya.

Ranar Alhamis da la'asar na je. Aka kira Maijidda, Goggo ta juya baya, na karanta duka, ban tsallake ko harafi ba. Na ƙara da shekara biyun da na ɓoye bara. Da na gama, Maijidda ta rasa madallar da za ta ce. Can sai na ga Goggo tana jan ƙafar nan tana juyowa. Shekara biyu da rabi ina karatu a gidan, ranar na fara ganin fuskarta ina riƙe da takardarka.

Ta ce, "Ba shi ba ne?" Na ce ba shi ba ne, Goggo, ni na yi kuskure. Ta ce, "Nasa kuma yaushe?" Na ce Allah kaɗai ya sani. Ta daɗe tana kallon ƙofar ɗakin da aka yaɓe. Sannan ta ce, "Da biro a jikinki? Rubuta."

Ga abin da ta ce, ban ƙara ba, ban rage ba:

"Halliru."

Maijidda ta dafe ƙirji ta ce, "La'ilaha illallahu, Tasalla!" Goggo ta ce, "Ki sa shi yadda na faɗa, kada ki sa mai tafiya.

"Halliru, abin da na faɗa a tasha, na faɗa ne don kada in yi kuka a gaban direba. Ban san zai kai haka ba. Na janye. Ko ka samu ko ba ka samu ba, ka zo. Ƙafata ta ƙi, kuma ina son ganinka."

Tana gamawa ta ja mayafi ta rufe kanta ruf, kamar wadda aka kama da sata. Har na bar gidan ba ta buɗe ba. Maijidda ta ce washegari ma ko ƙofar ɗaki ba ta leƙo ba don kunya. Ni kuwa kuka na yi tun daga gidan har makaranta, yara na kallona.

Na kwafi takardar nan biyu, ɗaya Ingila, ɗaya tsibirin, don kada ka ce ba ta same ka ba. Ni nawa ya ƙare. A watan Agusta zan tafi Turawa gidanmu haihuwa, in ka zo ba za ka tarar da ni ba. In kuma ba ka zo ba, kada ka sake rubuto min, ka nemi wani mai karatun.

Sauda

Beli
11 ga Oktoba, 1992

Zuwa ga Malama Sauda, a Turawa,

Assalamu alaikum. Barka da sauka lafiya, Allah ya raya Abdulsalami, ya ba ki lafiyar shayarwa. Malam Sulle ya ce ruwan wanka ya dafa ki kin yi jawur. Ga ki da ɗan fari ke ma, za mu ga bakin nan naki ko zai iya kiran sunansa.

Dubi saman takardar nan ki ga daga inda nake rubutu. Wasiƙarki ta same ni a kan dutse ƙarshen Agusta, cikin motar da ke kawo mana abinci. Na kai wa shugabanmu maganar. Bai yi faɗa ba, ya dai ce na'ura ba ta jiran kowa, in na sauka wani zai hau kujerata, abin da aka gano kuma ba sunana a ciki. Na ce na ji. Na nuna wa wanda zai gaje ni duk inda ɗumi ke satar hanya, na haɗa jakata.

Laraba waccan na iso a motar Ƙasimu, yana ta hon tun daga bakin gari, duk da na roƙe shi. Na yi sallama, na durƙusa a ƙofar ɗakinta. Ta juya min baya ta ce da Maijidda, "A ba baƙo ruwa." Yau kwanana goma sha ɗaya, kalma ɗaya ba ta haɗa mu ba. In tana son in ci abinci, bango take gaya wa. Mutanen gari kuwa rabi har yanzu barka suke yi min, na gaji da gyarawa, rabi kuma suna kallona da tausayi.

Ba zan ɓoye miki ba, abin yana ci na. Da asuba nakan farka ina tunanin ko an duba sanyin na'ura. Wani abokin aikina ya rubuto wai lissafin bana yana da kyau, ƙila su gani kafin baɗi. Na karanta a bayan rumbu, na daɗe ban fito ba. Shekara shida da rabi, Sauda. Na kai takardar neman koyarwa a sakandare a Karaye, ban san ko zan iya ba.

Asibiti mun je ranar Litinin. Likita ya ce an yi sakaci ƙwarai, amma yana sa ran ba za a yanke ba, in ana zuwa wanki duk mako. Da an ƙara wata guda, in ji shi, da wani zancen ake yi.

Babur ɗin Malam Sulle na ara. Da aka ɗora ta a baya, ta ƙi taɓa ni. Bakin rigata ta kama da yatsa biyu, ta kawar da kai gefe, haka muka fita gari mutane na kallo. Kin san kwarin nan da ruwa ya cinye kafin a hau babbar hanya. Na shiga da sauri, na manta hannuna ya daɗe bai riƙe babur ba, muka yi tsalle. Sai ji na yi ta rungumo ni da hannu biyu, ta kifa fuskarta a bayana.

Muka fita daga kwarin, hanya ta miƙe sumul, ba rami ko ɗaya. Na rage gudu yadda za ta iya saki. Ba ta saki ba har ƙofar asibiti, bayan rigata kuma ya jiƙe. Ni ma ban ga hanya sosai ba, Allah ne dai ya kai mu.

Ki gaida su Kawu Ɗanmaliki. Litinin mai zuwa ma ni zan kai ta.

Naki,
Halliru